Gwangwanin Muryar Kakan Baba

Washegarin Babbar Sallah ne, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya sa aka share zauren gidanmu na Batsari aka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Cikin gida duk ƙaurin kai da ƙafa da ake babbakawa, mata na ta suyar nama, mu yara kuwa bakinmu sharkaf da mai. Ana idar da la'asar baƙi suka fara shigowa: hedimastan makarantar da Baba yake koyarwa, limamin unguwarmu, da maƙwabta har da waɗanda ba a gayyata ba. A tsakiyar zauren, bisa teburin da Baba yake duba takardun jarrabawa, ga wata aba an rufe ta da zanen gado. Ni aka zaɓa in riƙe mazurarin da murya za ta fito ta ciki, saboda haka na sha sabon ɗinkina na Sallah ina ta hura hanci, ko ƙannena ban yarda su matso kusa da ni ba.

Abin da ya tara mutane kuwa wani tsohon faifai ne na kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Ba irin faifan garmaho mai faɗi ba ne. Shi kamar gwangwanin madara yake, ba kai ba gindi, an yi shi da wani irin kaki mai ruwan ƙasa, jikinsa duk siraran layuka. Iya ta zo da shi daga Zakka lokacin da ƙafa ta fara damunta Baba ya ɗauko ta, naɗe da auduga cikin adudunta, ƙarƙashin zannuwan saƙi. A ɗakinta nake kwana, ni nake ɗebo mata ruwan alwala in kuma tsince mata tsakuwa a wake, don haka na fi kowa ganinsa. Ta ce tun tana yarinya a Karare wani Bature ya sauka garin da akwati mai ƙaho, ya sa mahaifinta ya yi magana a ciki, da zai tafi ya bar masa ɗaya. In na matsa mata da tambaya, abin da take cewa ke nan: "Duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi murya."

To, mu gidan malamai ne ta wajen kakanmu namiji, limanci suka gada. Da muka ji murya, ba wanda ya kawo komai a ransa sai karatu. Ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen ƙara gishiri. A filin makaranta, muna 'yar gala-gala ko muna layin sayen ɗanwake lokacin tara, na sha gaya wa ƙawayena cewa kakan babana shehin malami ne, har Turawa sai da suka zo neman albarkarsa. Wata Hinde, 'yar makaɗin kalangun mahauta, ta taɓa cewa ƙarya nake, na ce mata ta bari 'ya'yan manya su yi magana. Kai, na yi baki a lokacin nan!

Baba malamin kimiyya ne, kuma mutum ne da in ya sa abu a gaba ko tuwo sai an yi ta kira. Tun daga kaka har Sallah yana fama da haɗa na'urar da za ta buga faifan nan. Ya kwance 'yar motar da ke juya kaset a wata tsohuwar rikoda, ya yanko roba daga tib ɗin keke, ya kai wa masassaƙi a kasuwar Batsari ya fafe masa itace daidai cikin faifan. Mazurarin na mai sayar da kalanzir ne, mu muka wanke shi da toka har warin ya fita. A ƙaramin bakinsa Baba ya ɗaure tantani da ya samo wajen mahauci, ya manna allurar ɗinki a tsakiya. Batir kuwa na babur ɗinsa ne, ranar da yake gwaji da ƙafa yake tafiya makaranta. Bai taɓa ɗora faifan Iya a kai ba, kwali yake naɗawa ya gwada, wai so yake kowa ya ji karatun tare, a yi wa mamacin addu'a.

Baba ya yaye zanen gadon, kowa ya zuba ido. Iya ba ta shigo cikin maza ba, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne bayan labulen ƙofar cikin gida, ina hango yatsun ƙafarta. Baba ya yi bismilla ya haɗa waya, faifan ya fara juyawa, na sauke allurar a hankali kamar yadda ya koya mini. Da farko ƙara ce kawai kamar ana suyar gyaɗa. Can sai ga wani sauti daga nesa, dum, dum, dum. Liman ya karkata kai. Ba wanda bai gane ba, gangar noma ce, irin wadda ake bugawa a bi manoma da ita ranar gayya. Sai murya ta tashi a kanta, siririya amma garau, tana yi wa samari kirari, tana zuga su su kama kunya su kai gindin gawo kafin rana ta take.

Wani daga baya ya ce, "Ashe makaɗi ne!" Aka yi dariya, ba ma ta mugunta ba, amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Hedimasta ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na dubi Baba na ga gumi na bin wuyansa, sai kawai ya miƙa hannu ya ɗage allurar ya cire waya. Ya ce batir ya yi sanyi. Liman, Allah ya jiƙansa, ya rufa mana asiri ya ɗaga hannu ya yi wa mamaci addu'a, aka shafa aka watse. Da Baba ya zare faifan muka ga wani gari-gari ya zuba kan tebur. Allurar ta yi nauyi, duk inda ta bi ta kankare layukan, ɗan abin da ya rage a ƙarshe ne kawai ba ta taɓa ba.

Da aka koma makaranta labari ya riga ni zuwa. Ina shiga aji yara suka fara buga benci, dum, dum, dum. Hinde kuwa matsawa kawai ta yi ta ba ni wuri kusa da ita, wallahi wannan ya fi dukan bencin ciwo. A gida na daina yi wa Iya surutu, in ta kira ni in amsa da ƙyar. Daga baya Innarmu ta gaya mini cewa tun da aka kai Iya aure gidan kakanmu liman a Zakka aka hana ta ambaton sana'ar gidansu, ta kuwa kama bakinta har ɗan cikinta bai sani ba.

Baba ɗan farin Iya ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma iya kallon idonsa ta roƙe shi abu. Saboda haka ni ta aika. Wata safiya ina shafa mata man zafi a gwiwa ta ce, "Ki ce da mutumin nan ba a ƙarasa ba. Akwai saura a ƙarshe." Na je na faɗa. Baba ya ce sai an samu allura marar nauyi. Da gaskiyarsa, amma kuma a makon nan ya mayar da batir kan babur, mazurari ya koma wajen mai kalanzir. Iya ba ta sake aikena ba, irin kunyarsu ba ta roƙo sau biyu. Damina na kankama ta kwanta ciwo, kafin a yanke gero ta rasu.

Bara ɗana, wanda yake karatun gyaran lantarki, ya ga faifan cikin kayana ya nace sai ya ji. Shi ma da hannu ya haɗa tasa na'urar, amma allurarsa ko ƙuda ya fi ta nauyi, ya kuma jona ta da wayarsa. Muka tafi Batsari wurin Baba, wanda yanzu sai da sanda. Ba liman, ba hedimasta, mu uku ne a zauren nan. Aka sauke allura kan ɗan guntun da ya tsira. Ganga ta buga kaɗan ta tsaya, sai muryar ta ce, "Ladi, taho ki yi magana." Aka ji dariyar ƙaramar yarinya, sannan ta ce, "Baba, ƙahon nan yana ji na?" Ladi sunan Iya ne. Baba ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Yanzu jikokin Baba suna tura wa abokansu gangar nan a waya suna alfahari, har rawa suke yi da ita. Ni kuwa duk lokacin da na ji sai in hango yatsun ƙafar Iya a ƙarƙashin labule, tana jira. Tsakanin inda aka ɗage allurar da inda muryarta take, bai kai faɗin yatsa biyu ba.