Na'ura Ta Ce Ɗan Ƙanwata Lafiyarsa Lau

"Cire masa riga, na'ura za ta dube shi."

Haka ma'aikaciyar jinya ta ce wa ƙanwata Hadiza jiya, a wani ƙaramin asibiti can unguwar Bobiel. Fari ne ya koro Hadiza daga ƙauye zuwa gidana, ɗanta Isufu kuwa ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa.

Matar ta ɗauki hotonsa da wata babbar salula. Wai ƙirƙirarriyar basira ce a ciki, ita ke zaɓen yaran da za a ba abincin tamowa. Allon ya nuna kore, ma'ana lafiyarsa lau.

Na ce, "Madam, ke me idonki ya gani?"

Ta waiga, ta rage murya. "Alhaji, idona ya ga yaro marar lafiya. Amma in na saɓa wa na'urar, ni za a kira in yi bayani."

"To in ita ta yi kuskure, wa za a kira?"



Na tambayi inda hoton yaron zai tafi. Ta ce ba ta sani ba, kuma a zamanin mulkin sojan nan ta daina yawan tambaya.

Sai da muka tsallaka zuwa wani asibiti lokotoro, wato likita, ya taɓa yaron da hannunsa, nan take ya ba shi gado. Yana can ana ƙara masa ruwa.

Jama'a, a unguwarku ma na'urar ce ke yanke hukunci? Wa ya ɗora ta?