Kek Ɗin Jana'izar Hilko Bolhuis

Duk wanda ya taɓa sayen kyafaffen kifi a kasuwar garin Winschoten da ke lardin Groningen ya san Hilko Bolhuis: dogon tsoho mai jan hanci, wanda zai naɗe maka kifi a takarda yana hararar ka kamar kai ka kashe kifin. Bai yi aure ba, bai ajiye ko kare ba. Hutu sau ɗaya ya taɓa zuwa, ya dawo yana cewa can ma ruwan sama ake yi. Tun yana saurayi yake cikin ƙarni da hayaƙi, hannu tsamo-tsamo cikin hanjin kifi, amma zuciyarsa ba ta taɓa tashi ba. Abu ɗaya ne a duniya ke sa shi yunƙurin amai: kek ɗin jana'iza.

In an gama sallamar mamaci, an shiga ɗakin gaisuwa, sai a miƙo maka kofi mai ɗumi-ɗumi da yankan kek rawaya, mai danshi kamar soson wanke-wanke da ya kwana a ruwa. Ka gutsura ya manne maka a ganɗa. Hilko ya sha haƙuri da shi, amma ranar jana'izar maƙwabcinsa Wubbo abin ya kai shi bango. Wata tsohuwa ta tsoma nata a kofi, rabi ya narke ya nutse, ta bi shi da cokali tana kamfatowa. Ƙanen marigayin na ba da labarin jinya, ɓurɓushi na tsalle daga haƙoran robarsa zuwa kwalar rigar Hilko. Wani kuma ya lashi yatsa yana dangwalar abin da ya rage a faranti.

"Mutum ya gama wahalarsa kaf, a raka shi da wannan," ya ce wa yayarsa Geeske a hanyar gida. "Ni dai ba za a tauna wannan ƙazantar a kaina ba."

"Kana kwance a akwatin gawa, ina ruwanka da bakin mutane?"

"Da ruwana. Ranata ce."

Sai ya kira kamfanin jana'iza, ya ce yana so ya tsara tasa tun yana kan ƙafarsa, ya biya abinsa. Aka turo wata budurwa, Marloes, mai magana a hankali kamar tana lallashin jariri. Geeske ma ta zo ta zauna, wai kada a cuci ƙanenta. Kallo ta zo yi.

Akwati ya ce a ba shi mafi araha. Da aka zo kan furanni ya tambaya wa zai shaƙa. Waƙa kuwa ya ce ya ji muryoyin mutanen layinsu, a bar shi ya huta.

"Abin ci fa, Meneer Bolhuis?" in ji Marloes, wato Malam Bolhuis a yarensu.

"Kyafaffen kifi a kan burodi. Kek kuwa, ko ƙamshinsa."

"Kifin za mu iya, in kun ƙara kuɗi. Amma kek ɗin yana nan, Meneer. An riga an biya shi."

"Wa ya biya?"

Geeske ta tuntsire da dariya har sai da ta riƙe tebur. "Mama mana. Ka manta mutumin nan mai zuwa a keke duk Juma'a, tana zazzago masa kwabbai daga gwangwanin shayi? Kana shan nono ta sa ka a inshora, sakarai."

Irin tsohuwar inshorar nan ce da ba ta ba da kuɗi sai kaya: akwati, mota, masu ɗauka, da kofi da kek na mutum hamsin.

"To a cire kek ɗin a ba ni kuɗinsa."

"Ba a mayar da shi kuɗi, Meneer. In ba kwa so, sai dai ya bi ruwa."

Nan aka taɓa shi inda ke masa ciwo. Mutumin lardin Groningen zai yafe maka zagi, zai yafe maka taka ƙafa, amma abin da aka riga aka biya ya tafi a banza, wannan kam a'a. Hancin Hilko ya ƙara ja.

"A kawo min shi yanzu."

"Yanzu? Kuna raye?"

"Na yi miki kama da matacce?"

"Kaɗan," in ji Geeske.

Marloes ta fita ta buga wa shugabanta waya. Ba a taɓa roƙon su haka ba, amma ba dokar da ta hana. Bayan mako guda baƙar motar kamfanin ta tsaya a ƙofar gidansa, maƙwabta suka ɗaga labule suna cewa ashe mai kifi ya tafi. Sai ga shi ya fito da silifas yana karɓar kwalaye.

Niyyarsa mai sauƙi ce: daga mota sai kwandon shara. Ya ɗaga murfin, ya ɗora kwali a bakin kwandon, hannu ya ƙi saki. Kwabban Mama ne fa. Ya daɗe a tsaye cikin yayyafi yana tsaki, sannan ya koma ciki ya jera su a firiza, kusa da kifi.

Kek da kifi kuwa ba su daɗe ba suka saba. Yanzu yankan rawayan nan, bayan danshi, har ƙarni yake yi. Kullum da la'asar Hilko yana ciro ɗaya, ya ci a tsaye, ido a rufe, ya kora da kofi, ya zagi wanda ya fara toya shi.

Ran nan Geeske ta leƙo, ta buɗe firiza, ta ga ko rabi bai ci ba.

"Ka dai ƙara himma, ɗan tsoho. In ka mutu ka bar saura, shi zan fitar wa mutane."

"Ba za ki yi min haka ba."

"To zubarwa zan yi?"

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. Abin haushin, da shi ne a matsayinta, haka zai yi. Tun daga ranar biyu-biyu yake ci. Makon jiya tari ya kama shi, ya koma uku.