Haɓar Kakanmu

Ƙanena ya gaji abu biyu a wurin kakanmu namiji, sunansa da haɓarsa. Sunan bai taɓa damunsa ba. Haɓar kuwa 'yar mitsitsiya ce, ta noƙe ciki, in ka dube shi ta gefe sai ka rantse daga baki sai wuya. Yaran lakwal, wato makarantar boko, har waƙa suka yi mata. Da ya girma ya sa rai ga gemu, gemun ya fito tsilli-tsilli ya tsaya. Duk hotunansa na lokacin za ka gan shi ya yi tagumi, mutane suna cewa yaron nan akwai tunani.

Mutum ɗaya ce ke son haɓar nan, kakarmu mace, can ƙauye bayan Keita. Idonta ya rufe tun muna ƙanana, ba da daɗewa ba bayan rasuwar mijinta, kakan namu. In mun je hutu, mu sauran da murya take gane mu, ta tsokane mu ta sallame mu. Shi kuwa sai ta ce, "Maigida, matso." Ta kama haɓar da yatsu, fuskarta ta saki, ta tafi wani wuri da mu ba mu san hanyarsa ba. Wani lokaci har ta yi 'yar dariya ita kaɗai. A nan take ganin tsohonta, ba ta da wani wurin. Shi yana ta mutsu-mutsu, mu muna ƙyaƙyata masa.

Ya samu karatu a Tunisiya, ya gama, ya zauna aiki. Wata rana ina makarantar da nake koyarwa a Madawa hotonsa ya shigo wayata. Na daɗe ina kallon wani kyakkyawan mutum mai idanun ƙanena. Ya ce aiki likita ya yi masa, aka tsaga ta cikin baki aka sa wani abu ya turo haɓar gaba, ko tabo babu. Na yi masa tsiya son raina, amma wallahi na ji daɗi, don ban taɓa ganin hotonsa hannu ba a fuska ba sai ranar. Sai da na ajiye wayar tsohuwa ta faɗo mani a rai.

Ƙarshen damina ya zo gida, muka shiga mota za mu gaishe ta. Gero ya nuna, tsaunuka sun yi shar, jerin duwatsun tare ruwa suna bin gangare suna ɓacewa a cikin ciyawa. Barci yana ɗaukata yana sakina. Duk lokacin da na buɗe ido sai in ga baƙo zaune kusa da ni, sai ya yi gyaran murya in tuna ɗan uwana ne. Ya ce ko zan riga shi shiga in yi mata bayani. Na ce ba ruwana, ba ni na raka shi wurin likita ba. Gaskiyar magana, tsoro nake ji kamar yadda yake ji.

Da la'asar muka same ta a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar wake, hasken rana yana ratso karan yana sauka a kan zanenta. Tana jin sallamarsa ta ture ƙwaryar.

"Maigida, kai na? Yau ka tuna da tsohuwar matakka? Matso in gan ka."

Ya durƙusa. Hannunta ya tashi ya sauka inda ya saba, ya tsaya cak. Yatsun suka bi ƙashin har kunne, suka dawo, suka sake bi.

"Mi as same ka? Hwaɗuwa kay yi?"

"A'a, Kaka. Likita yag gyara mani ita."

"Da tana yi maka ciwo?"

Ya ce, "Tana yi, Kaka. Tun ina lakwal."

Ta gyaɗa kai. Da faɗa ta yi da ya fi mani sauƙi. Sai ta shafa kansa ta ce, "To, Allah shi ƙara sauƙi. Ka yi kyau, hannuna ya hwaɗa mani."

Sannan ta juyo wajen da nake tsaye. "Ke, taho." Ta lalubi haɓata, abin da ba ta taɓa yi ba. Tawa irin ta mahaifiyarmu ce, mai faɗi. Ta saki. Ta sa aka kira 'ya'yan baffanmu, har da masu rarrafe, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa. Su dariya suke yi, a zatonsu sabon wasa ne. Ƙanena yana durƙushe inda yake, kansa a ƙasa, ni kuma tausayin su biyun ya kama ni.

Da na ƙarshe ya wuce, ta bar hannunta a buɗe bisa gwiwa, tana saurare.

"Ba sauran kowa?"