Ƙarfe Mai Ruwan Hoda

Ban taɓa riƙe fatsa ba sai da na je Dubai. A garinmu, can ƙasar Katsina, ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan firamare, shi ma da damina ta wuce sai ya ƙafe. Kifi kuwa a tire nake ganinsa, soyayye, da yaji a gefe.

Wanda ya ja ni bakin teku wani Bakabe ne da muka haɗa ɗaki a Al Buteen tun shekarar 2017. Ni ina aiki a wani sito a Jebel Ali, shi kuma yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a Murshid Bazaar. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma da yake Bakatsine da Bakabe abokan wasa ne, furfurarsa ba ta hana ni tsokanarsa ba. Gidansu gidan masunta ne, kaka da kakanni. Mahaifinsa yana nan da rai a wani ƙauye kusa da Argungu, tsufa ya zaunar da shi, kuma duk Juma'a sai ya karɓi wayar ƙanen abokin nawa ya kira shi ya yi tambaya guda: "To, mi ka kamo?" Tsoho ya ji an ce ɗansa yana zaune bakin ruwan da ba a hango gaɓarsa, yana jiran ya ga kifin wurin da idonsa.

Lokacin ranar Juma'a ce hutu. In sanyi ya shigo, da mun idar da sallar asuba sai mu kama hanya, da fulas ɗin shayi da sandunan fatsa, mu nufi duwatsun da aka jera a bakin teku. A nan ba a neman tana. Wani ƙarfe ake ɗaurawa a zare, mai siffar ɗan kifi, da ƙugiya a jikinsa, jig suke ce masa. A wurga shi nesa, a bari ya nutse, sannan a riƙa fizgarsa sama-sama har babban kifi ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya ji rauni. Launinsa kuwa ba irin wanda babu: kore, shuɗi, ruwan azurfa, ruwan hoda mai ƙyalli kamar takalmin 'yan mata ranar salla.

A kan launin nan muka yi shekara huɗu muna musu.

Shi abokina, da ya sayo sabon ƙarfe, sai ya zauna da wuƙa ya kankare fentin tas, ya kunna kyandir ya turara shi har ya yi baƙi ƙirin. Haka mahaifinsa ya koya masa a gulbi: sabuwar ƙugiya ba ta shiga ruwa da haskenta, sabuwar koma kuma sai an rina ta, don kifi yana da ido. Ranar da na fara ganin wannan aiki, dariya na yi har da riƙe ciki.

"Bakabe, kuɗinka ka sa ka sayi fenti, ka zo kana kankarewa?"

"Kai Bakatsine, mi ka sani ga ruwa ban da alwala? Fentin nan don irinku aka yi shi. Kai ka shiga kanti, kifi bai shiga ba."

Abin haushin, a wurinsa, ni nake kamawa. Ban iya komai ba, sau nawa zarena yana sarƙewa ya zo ya warware mini yana tsaki, amma da ƙarfena mai ruwan hoda sai in ciro biyu ko uku kafin rana ta yi zafi. Shi kuwa yana da hannu, wallahi yana da hannu, in yana fizgar zare sai ka tsaya kallo. Sai dai abin da ke biyo baƙin ƙarfensa 'yan mitsi-mitsi ne, irin waɗanda ɗan masunta ba ya nuna wa ubansa. Ya cire su ya mayar ruwa.

Wani ɗan Filifin da muke haɗuwa da shi a duwatsun ya ce ruwan hoda da sassafe, ruwan azurfa in rana ta fito. Ba'indiyen da ke sayar mana da kayan a Deira ya ce, "Habibi, kowane launi yana kamawa," to shi dama me zai ce? Ni dai har yau ban sani ba ko launin ne, ko ƙyallin, ko sa'a. Abin da na sani, ina jin daɗin cin musun, kuma ban taɓa tsayawa na kalli fuskarsa ba in wayar Juma'a ta shigo. Yakan ce, "Baba, ruwan dai bai ba da hwuska ba yau," ya sauya magana zuwa gona. Wannan rashin lura nawa yana damuna har gobe.

Bayan korona aiki ya ja baya a kasuwa, shagon da yake yi wa ɗauri ya rufe. Farkon 2021 ya ce mini khalas, shi ke nan, gida zai koma. Juma'ar ƙarshe muka fita kamar kullum. Ya yi ta jifa da baƙin ƙarfensa, shiru. Shayi ya huce. Can sai ya matso kusa da ni, bai dube ni ba, ya miƙo hannu.

"Ba ni na matan nan."

Bakina ya cika da magana, ta shekara huɗu, amma na haɗiye. Na kwance ƙarfena mai ruwan hoda na ba shi.

Bai yi jifa goma ba sandar ta lanƙwashe. A nan na ga abin da ake nufi da gado. Ya saki zare, ya ja, ya bi kifin da ƙafa a kan duwatsu masu santsi kamar a tsakar gidansu yake, har ya hana shi shigewa rami. Da ya fito da shi, irin kifin da suke kira hamur ne, mai dabbare-dabbare, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi. Ɗan Filifin ya yi ta tafi. Ni ma na yi ihu. Shi bai yi ko murmushi ba, ya tsugunna yana kallon ƙarfen a bakin kifin, ya daɗe a haka.

Na fito da waya zan ɗauke shi hoto, sai ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Cire wannan abu daga bakinai tukuna. Baba zai gani."

Na cire, na jefa a aljihu. Ya rungumi kifin, na ɗauka, ya tura gida.

Bayan mun sauko daga masallaci waya ta shigo. Muna ɗaki, ina jin muryar tsohon tana rawa don murna. Ya yi ta sa albarka, ya ce a nuna wa wane, a nuna wa wane. Sannan ya tambaya:

"Ka dai turara ƙugiyar yadda na koya maka ko?"

Abokina ya dube ni. Ni kuma na sunkuyar da kai ina gyaran shimfiɗar da ba ta bukatar gyara.

Ya ce, "Na turara, Baba."