Ranar da Aka Ce Gayyarmu Ba Mutum Ba Ce

Shekarar da na fara koyarwa a ƙauyenmu aka ɗora mini aikin tafinta tsakanin mutanenmu da hukuma, wadda ba ta jin sai Larabci, don ni kaɗai ke da Larabcin takarda, na sauran duk na kasuwa ne.

Muna da wani fili a bakin kogi, irin wanda ruwa ke bari in ya janye, muna ce masa jarf. Gayya ce ta share shi tun ina rarrafe, gayya ke shuka shi, a raba amfanin gida-gida. Sai wani attajiri ya kafa babur, wato injin ban ruwa, a gefensa, ya kewaye filin da ƙaya. Kawuna, sarkin gayya, ya ce mu tafi kotu a birnin Sinja kafin ƙasa ta bushe.

Alƙali ya tambayi wane ne mai ƙara. Kawu ya ce, "Jama'a." Na mayar da Larabci yadda ya faɗa. Magatakarda ya ɗago kai ya ce, to ina matar? Na manta cewa a bakin masu Larabcin nan mai kunya kan kira iyalinsa al-jama'a. Da ƙyar na fitar da matar kawu daga shari'ar.

Da alƙali ya gane, sai ya ce ƙungiyar da ba a yi wa rajista ba, ba ta da shakhsiyya, ba ta kai ƙara.

"Mi yac ce?" in ji kawu.

Ni a makaranta shakhsiyya halin mutum ce da ƙimarsa. Na ce, "Kawu, wai ba mu da mutunci."

"Mu? Yaushe yas san mu?"

Na sake tambaya, na gyara. "A'a, wai gayya ba mutum ba ce."

"To wa yac ce mutum ta? Mutane ta. Ga su nan waje, ƙarƙashin lori."

Alƙali mai haƙuri ne. Ya ba mu hanya: mutum ɗaya ya shigar da ƙarar da sunansa, ya ce filin nasa ne. Na fassara ina murna. Kawu ya dube ni tun daga rawanin da ba ni da shi har takalmi.

"In dafa Alƙur'ani in ce nau na? Ɗan nan, shi an nan abin da munka kai ka boko ka koyo?"

Muka koma neman rajista. Aka nemi sunan ƙungiya, muka ce gayya. Aka ce suna, muka ce ai shi ke nan. Aka nemi ranar kafa ta, tsofaffi suka yi gardama har la'asar. Kogi ya cika ya janye sau biyu.

Ranar da takardar rajistar ta zo, itatuwan lemun da attajiri ya dasa a jarf sun kai ƙugu, mutanenmu kuma rabi sun koma ƙodagon auduga. Na karanta wa kawu ita a hankali. Ya karɓa ya juya ta, ya shinshina hatimin.

"Yanzu mun zama mutum?"

Na ce haka aka rubuta.

"To. Mutumin nan ina za shi shuka?"