Carbin mahaifiyata a Ƙofar Doka

Shekarun baya, ina 'yar budurwa, matasan cocinmu na Katolika suka shirya ziyarar ibada zuwa wani dutse da ake addu'a a kansa. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya. Ta ciro carbinta, wanda muke kira rosari, ta rataya mini a wuya, ta ce, "Ki kai wa Fada ya sa masa albarka a can, ki dawo mini da shi. Ni ƙafata ba za ta kai ba." Tun kafin a haife ni take jan sa.

Motarmu ta lalace daidai Ƙofar Doka, mashigar wani tsohon birni da ke kan hanyarmu. Ƙishi ya dame mu, ni da ƙawata muka shiga cikin birni neman ruwa. Lokacin ana zaman ɗar-ɗar tsakanin Musulmi da Kirista, mu kuma mun sha jin labarai a ƙauye. Muna shiga wani lungu na hango wani tsoho a ƙofar zaure yana ɗinkin babbar riga, sai na tuna da gicciyen da ke ƙirjina. Ni da na kwana ina cika baki wai ba na tsoron kowa, na fizgo carbin zan ɓoye. Zaren ya tsinke, ƙwayoyin suka watse har cikin kwata.

Na durƙusa ina tsinta ina kuka wiwi.

"Ke 'yan nan, kukan me?" in ji tsohon. "Zare ne fa. Kawo nan."

Ya sa aka miƙo mana ruwa a kwano, ya zaro zare mai ƙwari ya hau aiki. Sai da ya yi nisa na lura yana jera su talatin da uku, irin na tasbaha. Ƙawata ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, namu goma-goma ne."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "To, ai sai ku faɗa! Kun bar tsoho yana ta aikin banza." Ya warware, muna ƙirgawa yana zurawa. Da muka zo ƙarshe, sai muka ga uku sun ɓace. Na sake ɓare baki. Sai ya ciro nasa carbin daga aljihu, ya yanke zaren, ya zare baƙaƙe uku ya cike mini. Gicciyen kuwa ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ke za ki ɗaura da hannunki. Allah ya ba mahaifiyar taki lafiya."

Da aka gyara motar muka isa, Fada ya sa wa carbin albarka a kan dutsen. Da na dawo gida na so in ɓoye zancen, amma yatsun mahaifiyata suka tsaya cak a kan baƙaƙen ƙwayoyin. Na faɗa mata komai. Sai ta ce, "To, waɗannan ukun nasa ne."

Ba ta tashi daga wannan ciwon ba, amma har ta rasu, duk lokacin da ta iso kan ƙwayoyin nan uku sai ta yi wa tsohon addu'a. Har yau ina jin kunyar abin da ya sa zaren ya tsinke, kuma ban taɓa sanin sunan mutumin ba. Carbin yana hannuna yanzu. In na iso kan ukun nan, ni ma addu'ata tasa ce.