Likitan da Ya Ji Nauyin Baba

Abubuwa da yawa sun goge a kaina, amma ranar da wani matashin likita ya durƙusa gaban babana, ita kam ba zan manta ba har in koma ga Allah.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a ba mu Kebbi ba tukuna. Ina sakandare, ina zaune wurin kawuna a Gwadangaji, Baba kuma yana Argungu yana noman shinkafa. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yanar ido ta rufe shi. Da muka ji babban likitan ido ya zo Birnin Kebbi da likitocin da yake koya wa aiki, sai aka kawo Baba.

Ɗaya cikin masu koyon ne ya cire yanar, babban yana tsaye a kansa. Yaro mai ladabi, ko ido ba ya haɗawa da dattijo. Da aka kwance bandeji aka sa wa Baba tabarau mai kaurin gindin kwalba, ya ƙura mini ido ya ce, "Kai, wanga gemu hwa? Da izinin wa?" Har nas ta yi dariya.

Ranar sallama babban yana tiyata, sai matashin ya yi mana bayani. "Baba, ban da gona, ban da ɗaukar kaya, har ɗinki ya kama." Ya sake buɗe baki, sai ya haɗiye maganar ya sunkuyar da kai. Na gani da idona, ban dai gane ba.

Baba ya koma gida ya kiyaye duka. To amma ya yi wa Allah alkawarin nafiloli in ya sake gani. Ya dinga sujada, doguwa, goshi a ƙasa yana godiya. Mu ma muna ta sha'awa. Ba a jima ba idon ya yi ja, ya fara zubar da ruwa. Kafin mu dawo da shi, ɗinki ya buɗe, ciwo ya shiga.

Babban likita ya haska idon. Sannan ya juya ga matashin.

"Ka ce mashi ya yi salla zaune, da nuni?"

"Na ji nauyi, ranka ya daɗe. Sa'an babana ne. Ta yaya zan hana shi sujada?"

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ga shi nan."

Sai matashin ya durƙusa gaban Baba, hawaye na zuba. Baba ya laluba ya dafa kansa.

"Tashi, ɗana. Da ka hwaɗi da na bi, ai addini ya ba mara lahiya dama. Amma dai na ga gemun yaron ga."

Ni yake nufi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Baba bai sake gani ba har ya rasu. Tabarau ɗin yana wurina. Ban taɓa riƙe likitan a zuciya ba, hannunsa bai yi kuskure ba, kuma tarbiyyar da muke yabo ce ta ɗaure masa baki. Amma tun ranar na gane, in lafiyar mutum tana hannunka, faɗa masa magana mai nauyi shi ne girmama shi.